Lissafin Aji da Lissafin Kasuwa: Darasi Daga Jibiya

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya tsaya a Magamar Jibiya, ya ga yara ƙanana suna juya kuɗin ƙasa biyu a ka, ba alli ba takarda. Yaro ya karɓi naira ya ba da canji da sefa, bai yi kuskuren ko dala ɗaya ba. Amma wannan yaro, in an zaunar da shi a aji aka rubuta masa 0.5 da 0.25, aka ce wanne ya fi, sau da yawa sai ya nuna na biyun, domin a ganinsa 25 ta fi 5. To, laifin wa? Mu dai a ganinmu ba na yaro ba ne, na hanyar da a ke bi wajen koyarwa ne da kuma wajen jarrabawa.

Abin da mu ke kira ga malamai su yi shi ne su daina raba abu ɗaya gida uku. Lissafin rabi da sulusi, da lissafin ɗigo, da lissafin kashi cikin ɗari, duk magana ɗaya ce da riguna uku. Rubu'i shi ne 0.25, shi ne kuma kashi 25 cikin 100. In aka koyar da wannan a zangon farko, wancan a na biyu, yaro zai ɗauka ba su san juna ba.

Ba kuwa baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kafin a buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1922, malaman zaure suna raba gado da sulusi da sudusi da tumuni. Manomi ya san ushuri, watau ɗaya cikin goma na amfanin damina, ya san rabin ushuri na noman da a ke shayarwa da wahala. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, ita ce a ke rubutawa 2.5 cikin 100. Iyayenmu sun san sisi rabin sule ne, taro rubu'insa, anini kuwa ɗaya cikin goma na kwabo. Da aka bar fam da sule aka koma naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, lissafin ɗigo ya shiga aljihun kowa. Malamin da ya tsallake duk wannan ya fara da doka a kan allo, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Malamin Jibiya ya fi kowa sa'a, gama kayan aikinsa suna bakin ƙofa. A Nijar sefa 5 ita ce dala, sefa 1,000 jikka. Sai a kafa kasuwa a aji da kuɗin takarda, a sa wasu saye, wasu sayarwa, wasu canji. A tambaye su, dala 50 wane kashi ne na jikka? Su faɗa da baki, rubu'i, sa'an nan su rubuta ta hanya uku. A kawo mudu da gero ko yashi, a zuba rabi, a ƙara sulusi. Yaron da ya saba haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya sami biyu cikin biyar, zai ga da idonsa mudun ya kusa cika, alhali biyu cikin biyar ko rabi bai kai ba. Gani ya kori ji. Kada kuma a manta a nuna musu cewa a makarantun Nijar, bisa tsarin Faransa, waƙafi a ke sawa inda mu ke sa ɗigo. Biyu da rabi a can 2,5 ne. Akawun da bai san wannan ba yana iya ɓata lissafin rasit guda.

Ga manyan aji akwai darasi a tarihi. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Da, sefa 50 ke sayen kuɗin Faransa ɗaya, sai ya koma sefa 100. Daraja ta faɗi da kashi 50 cikin 100, amma abin da za a biya ya hau da kashi 100. Yaron da ya iya bayyana dalilin da ya sa duka biyun gaskiya ne, ya gane lissafin nan har zuci.

Sai batun jarrabawa, wadda ita ce linzamin malami. Muddin tambaya ashirin iri ɗaya a ke bayarwa, hadda za a yi ta yi. Muna ba da shawara a riƙa auna yaro ta hanya uku: ya yi a aikace da mudu ko kuɗi, ya yi ƙiyasi kafin ya rubuta, ya kuma faɗi dalili. A ce masa buhu na naira 1,000 ya tashi da kashi 20, daga baya ya sauka da kashi 20, ya koma kuɗinsa na farko? Amsa ita ce 960. A ba da maki ga hanyar da ya bi, a rubuta irin kuskuren da ya yi, domin kuskuren ne ke nuna wa malami inda zai koma gobe.

Mun san za a ce aji ya cika, lokaci kaɗan ne, babbar jarrabawa kuma da Turanci a ke yi. Gaskiya ne. Amma mudu da tsakuwa ba su cin kuɗi, yara kuwa a raba su ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta. Wanda ya gane tumuni da Hausa, sunansa kawai zai koya da Turanci. Wanda bai gane ba, ko da wane harshe aka tambaye shi, shiru zai yi.

Malamai da akawuna, abin nan ya shafe ku. Yaran da ke gabanku su ne gobe za su ƙididdige haraji da kuɗin fito da rabon gado. Kuskuren ɗigo ɗaya yana mai da goma ɗari, haƙƙin talaka kuwa a nan ya ke salwanta. Kwalejojin horon malamai su fara, masu duba makarantu su bi sawu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu gyara.