Tsintuwa ba cigiya, sata ce

Ƴan'uwa ɗalibai, kowa ya ciro salularsa ya duba abin da anka turo mishi tun daga asuba zuwa yanzu. Ga gida mai siffar tulu, ga kifi mai fitila a goshi, ga wata tsohuwa tana saƙa zane da zaren da ya fi gashin kai siriri, ga wani yaro ya ƙera jirgi da gwangwanin madara. Ƙarƙashin kowane hoto magana guda ce: "Ikon Allah!" ko "Abin mamaki, tura ma ƴan'uwa." To wa ya gina gidan? Wane gari tsohuwar take? Yaron nan yana da suna ko daga sama ya faɗo? Shiru. Mu kalla, mu ce kai, mu tura, forfen dala arba'in ya ƙare.

Kar wani ya ɗauka da masu son kallon abin mamaki nake faɗa. Akwai mushe-mushenmu da yayyenmu da ke cewa duk wannan shirme ne, a bar shi a kama kaye. Ban bi su ba. Son kallo shi ne ƙofar son sani, kuma wanda bai taɓa tsayawa ya yi mamakin gidan tururuwa ba, da wuya ya zama masanin komi. Babban gidan tarihin nan na Landan, British Museum, an kafa shi a 1753 a kan tarkacen da wani likita, Hans Sloane, ya yi rayuwarsa yana tarawa: ganyaye, kuɗin da, littattafai, ƙwari, abu kusan 71,000. Tare-tare ba cuta ba ne. Faɗana da wanda ke tsintar kayan mutane ya goge sunan mai shi, ya zuba a jakarsa, ya zagaya fada-fada yana karɓar tafi.

Mu fa mun san hukuncin tsintuwa tun muna ƙanana. Ka tsinci akuya a bakin kasuwa, ba ka ja ta gidanku ka ce Allah ya ba ka. Ka kai ma mai unguwa, a sa mai shela, in ta kama a kai rediyo a yi cigiya. Wanda ya tsinta ya yi gum, sunansa ɓarawo ko da bai haura katanga ba. To me ya sa da munka shiga WhatsApp da Facebook da TikTok sai hukuncin ya tashi? Hoton zanen wani, muryar wani, aikin hannun da wata ta yi wata uku tana yi, duk kaya ne, kuma duk da masu su.

Za ku ce ai ba abin da ya rage ma mai shi. Bari in kawo misali uku, duk daga ƙasarmu, don ku ga abin da ke raguwa.

Na farko, itacen Tenere. Duk mai yawon intanet ya taɓa cin karo da shi: itace guda tal a tsakiyar rairayi, har wani direba ya rasa abin bankewa duk faɗin hamada sai shi. A yi dariya, a wuce. Gaskiya ne mota ta kada shi a 1973, kuma gangar jikinsa tana ajiye a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, a wurinsa an kafa na ƙarfe. Amma abin da hoton ba ya faɗi shi ya fi girma. Itacen ƙaya ne da ke kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Da anka haƙa rijiya kusa da shi wajen 1939, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Madugai sun yi ta wucewa da dubban raƙuma shekara da shekaru, cikin sanyin da mutum ke neman ko tsinke ya hura wutar shayi, ba wanda ya karya reshensa. Wannan horon kai na mutanen ayari shi ne abin al'ajabin. An cire shi, an bar mana direba.

Na biyu ya fi ciwo. Akwai hoton da ke yawo na wani da'ira baƙa a cikin Tenere da siffar jirgin sama a tsakiya, wanda ake gani daga tauraron ɗan'adam. Sau nawa anka turo shi da "Me ke nan a tsakiyar Sahara?" kamar wasan ƙwaƙwalwa? Wurin makoki ne. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin UTA da ya taso daga Brazabil ya bi ta Njamena zai je Pari, mutum 170 sunka mutu. A 2007 iyalansu tare da ma'aikata ƴan ƙasa sunka jera baƙaƙen duwatsu da hannu, sunka kewaye da fasassun madubai 170, kowane mamaci da nashi, sunka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen. Wanda ya tura hoton ba bayani ya maida kushewar mutane kayan nishaɗi, ko ya sani ko bai sani ba.

Na uku, dinozor mai haƙori 500. A Gadufawa, jihar Agadas, anka tono ƙasusuwansa. Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aiki a wurin tun shekarun 1960, sannan a 1999 Ba'amurke Paul Sereno da abokan aikinsa sunka raɗa mishi suna Nigersaurus taqueti, wato ƙadangaren Nijar. Tsawonsa wajen mita 9, bakinsa mai faɗi kamar shebur, yana kiwo kansa a ƙasa kamar saniya, shekara wajen miliyan 110 da sunka wuce. Dabba ce da ke ɗauke da sunan ƙasarmu a littattafan kimiyya na duniya. Kun san ta ina yaran Amurka da yawa sunka san shi? Ta wata ba'a da anka yi ta yaɗawa, don sunan ya yi kama da kalmar da ake zagin baƙar fata da ita a Turancinsu. Sunka yanke shi daga Gadufawa, sunka yanke shi daga Nijar, ya zama abin tsokana. Haka ake yi ma duk abin da anka raba da asalinsa: kowa ya liƙa mishi abin da ya ga dama. Mu kuma da ya kamata mu fi kowa sanin labarinsa, nawa cikinmu za su iya nuna Gadufawa a taswira?

Yanzu ku dubi abin da cigiya ke yi. Wajen 2010 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya zauna a arewacin Mali yana kwasar waƙoƙi daga katin memwar na salular mutane, irin waɗanda ake ba juna ta Bluetooth a tasha da fada. Tsintuwa ce zalla, yawancinsu ba cikakken suna. Da ya so, sai ya zuba su a intanet a matsayin kiɗan hamada, ya ci suna. Sai ya bi sawu, ya nemo masu waƙoƙin, ya fitar da faifai a 2011 da sunan kowa. Cikinsu akwai wani matashi ɗan jihar Tawa da ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa. Sunansa Mdou Moctar, kuma yau yana kaɗa gita a manyan dandalin Turai da Amurka. Haka Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗan organ ɗinsa a 1978, iyayenmu sunka yi shekaru suna jin sautin a rediyo da telbijin tsakanin shiri da shiri, da yawa ba su san mai shi ba. An tsinci kaset ɗinsa a ma'ajiyar gidan tarihi a Yamai, an neme shi, an sake fitar da shi a 2013 da sunansa.

Kar ku ce ina yabon Bature. Ana iya tambaya nawa ya ci, nawa ya ba su, kuma tambayar halas ce. Amma ana iya yin ta ne don akwai suna a jikin faifan. Waƙoƙin nan sun yi shekaru a cikin salulolinmu mu, munka ji, munka yi rawa, munka ba abokai, ba wanda ya ce bari in nemo mai ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin farko mu ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a bakin anfi.

Wani zai ce: "Ni ma haka anka turo mini, ina zan san mai shi?" Ɗan'uwa, salular da ke hannunka tana iya bin sawun hoto. Ka sa shi a Google Lens, cikin minti guda sau da yawa za ka ga inda ya fito. Megan da za ka kashe bai kai na bidiyon rawa guda ba. In ka nema ka rasa, ka rubuta ƙarƙashinsa cewa ana cigiyar mai shi. Wani cikin mutum ɗari da ke rukunin zai sani. In kuwa ba za ka iya ko wannan ba, ka bar shi ya mutu a hannunka, ba wanda zai kama ka.

Wata za ta ce: "Haba, wasa ne fa, ka cika tsanani." To wasan wa? Mai saƙa ta yi wata uku, ke kin yi daƙiƙa uku. In kin rubuta waƙa a ɗan littafin ga namu, gobe kika gan ta tana yawo da sunan wani ko ba suna sam, za ki ce wasa ne? Mu da ke haɗa dala-dala mu biya fotokopi don sunanmu ya fito a takarda, mu ya kamata mu fi kowa jin zafin abin ga.

Akwai kuma sabuwar masifa da ta sa maganar ta wuce ladabi ta koma kariyar kai. Yanzu na'ura tana ƙirƙiro hoto daga babu. Facebook ya cika da hotunan yara baƙaƙe tsaye gefen ƙaton zaki ko mota da wai sun ƙera da robobin ruwa, dubban mutane suna sa albarka. Yaran babu su, zakin babu shi. Masu shafin so suke a taru a danna, su sayar da taron. Wanda ya saba tambayar wa ya yi, ina, yaushe, ba ya faɗawa wannan rami, don ƙarya ba ta da gari. Wanda bai saba ba, zai zubar da hawayensa a kan yaron da babu, alhali a bayan gidansu akwai yaro na gaske da ke lanƙwasa waya yana yin mota mai sitiyari da tayar murfin kwalba, ba wanda ya taɓa tambayar sunansa.

Kuma daga irin yaran nan manya ke fitowa. Moustapha Alassane makanike ne da ya faro da wasan inuwa da zane-zane, abin da mutane za su kira shiririta. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, fim ɗin zane na kwaɗo shugaban ƙasa, yana cikin na farko-farko irinsa a Afirka ta Yamma, kuma a Tawa ya zauna yana aikinsa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Falke Barmu magini ne manomi a ƙauyen Yama, can jihar Tawa. Masallacin ƙasa da ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hoton hasumiyoyinsa yana yawo a intanet, wani lokaci ba a ko ambaci Nijar. Ɗaliban Tawa nawa sunka san sunan mutumen ga biyu?

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar burs ko izinin kowa. Ku tara, ku yi ta tarawa, kowa da jakarsa ta abubuwan mamaki. Amma kowane abu ya shiga da amsar tambaya uku: wa ya yi shi, ina, yaushe. Sannan cikin kowane goma da kunka kwaso daga Japan ko Brazil, ku sa guda da kunka ɗauko da ƙafarku. Ƴan Damagaram, ku shiga Birni ku ɗauki zanen bangon gidaje, ku tambayi mai gidan wane magini ya yi, ku je majema ku ji sunan mai jima. Ƴan Maraɗi, dukawan da ke aikin fatar jar akuya suna nan, masu gyartai da masu zanen ƙwarya suna nan. Ƴan Yamai, itacen Tenere yana cikin garinku, kuɗin taksi ne tsakaninku da shi. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum, ku rubuta sunansa yadda shi ya faɗe shi, in ya ce a'a ku maida salula aljihu.

In an turo maku hoto gobe da safe, kafin ku ce "Ikon Allah", ku maida ma mai turowa tambaya: na wa ne? Zai ji haushi rana ta farko. Ku sake tambayarsa rana ta biyu.