Me ya hana mu zaunar da jarumanmu a bakin Bakolori?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana yawa a wannan zaure. Da zarar masoyan labarinmu sun so shan iska, sai mu kwashe su zuwa Legas, mu shigar da su gandun dajin Lekki da aka buɗe a 1990 dab da teku, su hau gadar nan ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. Wurin ya cancanci yabo. Sai dai yawancinmu a YouTube muka gan shi, shi ya sa duk itacen da ke cikin labarin sunansa "wata bishiya", duk tsuntsu kuma "wani tsuntsu mai daɗin murya".

Alhali ga ruwa a bayan gidanmu. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tafkinta ya shimfiɗu kusan hekta 8,000 a yankin Maradun da Mafara, magudanansa na shayar da shinkafa har ƙasar Bakura, inda Tafkin Natu yake. Wanda ya tashi a nan ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, ya san zuwan shamuwa alamar ruwa ya kusa, ya san bambancin tarwaɗa da karfasa tun daga cikin kwale-kwalen masunci. Marubucin Legas ba shi da wannan. Mu da muke da shi ne muke jin kunyarsa, kamar sunan goriba zai rage wa littafi daraja.

Za a ce mana tsaro. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya saɓa jaka ya nufi Sububu neman labari ba. Tun sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, kalmar "daji" a kunnen yaranmu ba ta nufin komai sai 'yan bindiga. To nan ne abin ya fi damunmu. Yaron da aka haifa cikin wannan hali bai san dajin da iyayensa suka tsinko kanya da aduwa a ciki ba. Idan ba mu rubuta shi ba, rahoton jarida kaɗai zai gada. Bakin magudanar da ke kusa da gari, da rumfar masu kifi, da tsohon makiyayin da ke zaune a ƙofar gida yana iya lissafo itace talatin da amfanin kowanne, duk ba sa buƙatar a kai rai halaka.

Kada kuma mu mayar da Bakolori hoton kalanda. Ƙarƙashin ruwan nan akwai gonaki da ƙauyukan mutane. A Afrilun 1980, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, kuma har yau adadin da gwamnati ta faɗa ya yi nesa da wanda mutanen yankin ke faɗa. Budurwar da ke zaune a bakin tafkin da saurayinta, mai yiwuwa gonar kakanta ce take kallo ba ta sani ba.

Aikin makon nan: shafi ɗaya a kan wani bakin ruwa da ƙafarku ta taka, da sunayen itace uku na gaskiya. A ajiye a ƙasan wannan rubutu kafin Juma'a.