Borin Jini Da Shiga Makarantar Hafsoshin Soja

A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta shafi iyaye masu burin 'ya'yansu su zama hafsoshin soja, watau yaron da jikinsa ba ya karɓar wani abinci, kamar gyaɗa ko kifi, da ya ci sai borin jini ya taso masa. Shin za a faɗa wa likitan soja, ko kuwa a yi shiru?

Wannan cuta hawa-hawa ce. Wani iyakarsa ƙaiƙayi da kumburin fata. Wani kuwa cikin 'yan mintoci maƙogwaronsa zai kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, in ba a yi masa allurar adirenalin nan take ba yana iya rasa ransa.

Bari mu ɗauki misalin Amurka, domin ƙa'idarsu a rubuce take. Duk mai neman shiga makarantar West Point wadda aka kafa a 1802, ko ta mayaƙan ruwa da ke Annapolis ta 1845, ko ta mayaƙan sama ta 1954, hukumar likitoci guda ce ke duba lafiyarsa. Wanda kifi, ko jatan lande, ko gyaɗa, ko irin su yazawa suka taɓa tayar masa da borin da ya game jiki, hukumar za ta ce bai cika sharaɗi ba. Dalili kuwa a fili yake: soja a daji yana cin abincin da aka ƙunsa masa ne, ba zaɓi, ga shi asibiti da nisa.

To, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ita makarantar tana da ikon yin rangwame ga wanda ta ga ya cancanta, muddin ya kawo hujja. Babbar hujja ita ce ƙwararren likita ya riƙa ba yaron abincin kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa, a cikin asibiti, har a tabbatar bai tayar masa da kome ba. Awon jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Lalle akwai fata a nan, gama yawancin yara suna rabuwa da borin madara da na ƙwai in sun girma, na gyaɗa kuwa kamar ɗaya cikin biyar. Sai dai muna gargaɗi, kada a kuskura a yi wannan gwaji a gida.

Shi mai ɓoyewa fa? Tun daga 2022 cibiyoyin ɗaukar soja na Amurka suna ganin tarihin asibitin mai nema ta kwamfuta, kuma shiga soja da ƙarya laifi ne a dokarsu. Ko da asirinsa bai tonu a ofis ba, ran da ya faɗi a fagen fama abokansa ne za su bar aikinsu su ɗauke shi.

Mu ma abin ya shafe mu. Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ita ma tana duba lafiya kafin ta ɗauki yaro, gyaɗa kuwa tana cikin ƙuli-ƙulinmu da yajin tsirenmu da kununmu. Shari'a ta ɗauke wa mara lafiya nauyin fita yaƙi, babu zargi a kansa, amma ba ta halatta masa ƙarya ba, kare rai kuma yana cikin manyan manufofinta. Saboda haka muna kira ga iyaye, su kai yaro ga likita tun kafin a cika takardar nema, su adana sakamakon, kana su faɗi gaskiya in an tambaye su. In an ɗauke shi, madalla. In kuwa ba a ɗauka ba, hanyoyin bauta wa ƙasa suna da yawa.

Allah Ya sa mu dace, amin.