Sharhi: Wa zai tallafa wa gidajen da ke riƙon marayu a arewacin Zamfara?

A duk lokacin da 'yan bindiga suka kai hari wani ƙauye a arewacin Zamfara, abin da ake fara ƙirgawa shi ne gawarwaki da mutanen da aka sace. Bayan an yi jana'iza an watse, sai a bar dangi da wani lissafin da ba ya shiga labarai: wa zai ɗauki yaran da mamatan suka bari?

A watan Yunin 2021, 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 53 a Kadawa da wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Zurmi. A watan Yulin 2025 kuma, an kashe fiye da mutum 30 cikin waɗanda aka sace daga ƙauyen Banga da ke Ƙaura Namoda, duk da cewa an biya kuɗin fansa. Kowane magidanci da aka rasa a irin wannan hali, akwai bakunan da yake ciyarwa.

Kwamitin da tsohon gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar, ya ce daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu a jihar, yara 25,050 sun zama marayu, sannan mutum 190,340 sun rasa matsugunansu. Idan aka raba, kusan yara biyar ke nan a kan kowace mace ɗaya. Tun daga lokacin kuwa ba a daina kisa ba.

Gidan marayu na gwamnati da ke Gusau ba zai iya ɗaukar ko kusa da wannan adadi ba. Yaran suna hannun kakanni da baffanni da kawunnai da goggonni, wasu kuma a gidajen maƙwabta.

Tsohuwar al'ada, sabon nauyi

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akan kai yaro yaye wurin kaka ya zarce da zama. Akan bai wa macen da ba ta haihu ba 'yar ɗan'uwanta ta rene ta har ta aurar. Addini ma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, tare da sharaɗin cewa ba za a canza masa uba ba, kuma ba za a taɓa dukiyarsa ba.

Sai dai al'adar ta ginu ne a kan cewa mai riƙo yana da rumbu. A da, idan uba ya rasu, gonarsa tana nan, 'yan'uwa su noma ta su ciyar da iyalinsa. Yau wanda zai karɓi marayun shi ma sau da yawa ɗan gudun hijira ne. Ya bar gonarsa a ƙauye, yana raɓe a gidan wani ko a kango a cikin garin Shinkafi ko Zurmi ko Ƙaura. Inda ake iya noman ma, a wurare da dama sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe.

Wasu gidajen sun sayar da gona da dabbobi don haɗa kuɗin fansa, wato abin da marayun za su gada ya riga ya tafi daji. Ga tsadar abinci: bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kamar yadda alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna.

Ana ganin sakamakon a jikin yara. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Ma'aikatar Lafiya ta jihar sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa, kashi 5 kuma ta yi musu tsanani. Alƙaluman ba su ware marayu daban ba, amma sun nuna halin da tukunyar da ake ƙara wa baki take ciki.

Inda riƙo ke lalacewa

Idan gida mai mutum takwas ya koma sha uku a dare ɗaya, dole wani abu ya ragu, kuma yawanci daga kason ɗan riƙo ake fara ragewa. Ba lallai sai don mugunta ba. Namiji akan haɗa shi da malami ya tafi almajiranci. Mace akan ɗora mata talla, ko a kai ta aikatau birni, ko a gaggauta aurar da ita.

Uwa kuma idan ta gama takaba ta sake aure, ba kowane miji ne ke karɓar agola ba. Sai a rarraba yaran, wannan wurin kawu, wancan wurin goggo, su rasa uba su kuma rasa juna.

Akwai kuma gidajen da ake yi wa maraya riƙon sakainar kashi, ko a cinye masa gado, ba mai tambaya, domin babu inda aka rubuta cewa yana hannun wane.

Su ma rugagen Fulani suna da nasu marayun, waɗanda iyayensu suka mutu a hannun 'yan sa-kai ko 'yan bindigar. Su ne suka fi nisa da kowane irin taimako, kuma yaron da ya tashi ba mai kula da shi, yana riƙe da ƙullin kisan mahaifinsa, shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun masu ba da bindiga.

Taimakon da ake bayarwa

Ba za a ce ba a yin komai ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ta daɗe tana raba wa marayu abinci da kayan Sallah, 'yan siyasa da attajirai kan aurar da 'yan mata marayu, ƙungiyoyin addini ma suna da kwamitocin marayu. Matsalar ita ce mafi yawan taimakon na lokaci ne, yakan zo da azumi ya tafi da Sallah. Shadda ba ta biyan kuɗin magani a watan Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci ke haɗuwa. Kuma akan miƙa wa yaron ne a gaban jama'a, a manta da tsohuwar da ke dafa masa tuwo sauran kwanakin shekara.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta ƙasa ta 2003 ta yi tanadi a kan riƙo, Zamfara kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022. Amma riƙon da ake yi a ƙauyuka da unguwanni bai bi ta kotu ko ofishin jin daɗin jama'a ba, don haka hukuma ba ta san shi ba.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da suka rasa iyaye sun fifita barin yaro cikin dangi a kan kai shi gidan marayu, tare da tallafa wa dangin. Kenya ta fara gwada haka tun 2004, inda take biyan kuɗi kai tsaye ga gidajen talakawa masu riƙon marayu.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko shi ne rajista a kowace mazaɓa: sunan yaro, sunan mariƙi, da abin da aka bar masa na gado. Masu unguwanni da limamai da ungozomomi sun san gidajen, kuma a haɗa da arɗo-arɗo don kada a tsallake rugage.

Na biyu, wani kaso na zakka da kuɗin tallafin gwamnati ya koma na wata-wata, a ba wanda yaron ke kwana a ɗakinsa, musamman mata. Na uku, ɗan riƙo ya samu makaranta da magani kyauta, abin da ya dace da dokar ta-ɓacin da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a fannin ilimi a 2023.

Akwai fargabar cewa kuɗi zai jawo marayun bogi da sunayen 'yan siyasa, kuma fargabar tana da tushe. Maganinta shi ne a karanta sunayen a bainar jama'a, a kuma riƙa ziyartar gidajen ana ganin yaron da ido. Ƙauyukan da ba a iya shiga za su jira, amma garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda 'yan gudun hijirar suka taru, ana iya fara aikin a cikinsu tun yanzu.

Dangi sun riga sun ɗauki kaso mafi nauyi ba tare da an roƙe su ba. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, amma a arewacin Zamfara har yanzu kakanni da baffanni ne kaɗai ke biyan kuɗin wannan magana.