Gani Ya Kori Ji: A Riƙa Shiga Aji Ana Duba Malamin Harshe

A shekarar 1996 ne Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, ganin cewa Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk da shi ake aiki. Kafin nan ma an kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala a 1992, domin ɗalibanmu su je su goge bakinsu. To amma abin tambaya shi ne, yaro nawa ne a makarantun Agwada da sauran ƙauyukan Kokona zai iya gaisawa da Faransanci har ya tambayi hanya bayan shekara uku yana karatunsa? A nawa ra'ayin, babbar matsalar tana wajen yadda muke horar da malamin.

Sanin harshe daban, iya koyar da shi daban. Ɗalibi zai iya haddace nahawu ya ci jarrabawa, amma a sa shi gaban yara sai ya juya musu baya, ya cika allo da rubutu, su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Shi a ganinsa ya koyar. Ba zai gane kuskurensa ba, domin ido ba ya ganin kansa. Sai wani ya zauna ya gani ya faɗa masa.

Wani zai ce ai akwai gwajin koyarwa da ake tura ɗalibai. Gaskiya ne, amma duk wanda ya yi shi ya san yadda abin yakan kasance. Malami mai dubawa ya zo sau ɗaya ko biyu, ya zauna a bayan aji, ya leƙa shirin darasi, ya rubuta maki, ya kama hanya. Wani lokaci ma ba fanninsa ba ne. Wanda aka tura ƙauye mai wuyar hanya kuwa, sai ya yi sa'a. Maki ba ya gaya wa mutum inda zai gyara.

Masana sun daɗe da nuna abin da ya kamata a duba. Ned Flanders na Amurka ya lura cewa a yawancin azuzuwa malami ne ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na maganar da ake yi. Mary Budd Rowe kuma ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, alhali idan suka jira daƙiƙa uku amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. To idan haka ta cutar da darasin kimiyya, ina ga darasin harshe, wanda ba a iya shi sai an yi magana da shi? Don haka mai dubawa ya ƙirga: minti nawa malami ya yi yana magana, nawa yara suka yi? Yara nawa suka buɗe baki? 'Yan mata sun samu dama? Idan yaro ya yi kuskuren furuci, gyara aka yi masa ko dariya? Bayan darasi su zauna su biyu, malamin ya fara faɗin yadda ya ga aikinsa, sannan a nuna masa abu ɗaya ko biyu da zai gyara, a sa ranar dawowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo, almajiri yana biya karatu malam yana saurare, da ya karkace a take za a tayar masa. Jami'ar Stanford ma da ta ɓullo da ƙaramin gwajin koyarwa a 1963, abin da ta yi ke nan: ka koyar na 'yan mintoci, a gaya maka, ka sake.

Na san masu cewa babu kuɗin mota, malaman dubawa kuma ba su da yawa. Ban musa ba. Amma ɗalibai biyu da aka tura makaranta ɗaya za su iya duba juna ba tare da an kashe ko kwabo ba. Wayar hannu za ta iya ɗaukar darasi, da izinin shugaban makaranta, a aika wa malami a Keffi ya kalla. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne mu daina ɗaukar dubawa a matsayin tonon silili. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Daga ƙarshe, ina kira ga Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi da Kwalejin Ilimi ta Akwanga da su sa malamin fanni ya duba ɗalibin fanninsa, kuma a ba da gyara a rubuce kafin a ba da maki. Mu ma ɗaliban Hausa abin ya shafe mu, domin da yawanmu za mu koyar da yaran da Hausa ba harshen uwarsu ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.