Mudu Biyu a Kasuwar Dariya

Duk lokacin da aka janye wani tsohon shirin barkwanci a Amurka ko Ingila saboda ya ci mutuncin baƙar fata, sai wasu Turawa su ɗaga murya suna kukan an zalunce su. Hujjarsu kullum ɗaya ce: me ya sa aka hana Bature shafa baƙi a fuska ya kwaikwayi baƙar fata, alhali a 2004 wasu baƙaƙen fata biyu, wa da ƙane, Shawn da Marlon Wayans, sun shafe jikinsu da fari sun fito a matsayin 'yan matan Turawa a fim ɗin White Chicks, aka yi dariya aka tafa musu? Suka ce ana awo da mudu biyu. Tabbas akwai mudu biyu a wannan kasuwa, sai dai sun nuna yatsa a inda ba nan cutar take ba. Waɗanda ake tauye wa awo su ne ɗan Afirka, da Balarabe, da Musulmi, da talakan ƙauyen da ba shi da lauya, ba shi da jarida. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne, mu da ake cuta da wannan mudu, da shi muke auna wa maƙwabtanmu a gida.

Bari mu fara sallamar masu kukan White Chicks. Wajen 1830, lokacin da ake sayar da baƙar fata a kasuwannin Amurka, wani ɗan wasa Bature mai suna Thomas Rice ya riƙa shafe fuskarsa da baƙi, ya sa tsummokara, ya hau dandamali yana rawa yana karya harshe da sunan Jim Crow. Turawa suka yi ta biyan kuɗi suna kallon bawa a matsayin wawa, malalaci, wanda bauta ta dace da shi. Bayan an soke bautar, jihohin kudancin ƙasar suka kafa dokokin wariya: makarantar baƙi daban, kujerar mota daban, famfon shan ruwa daban, ga shingen da aka gindaya musu a wajen jefa ƙuri'a. Sunan da duniya ta san waɗannan dokoki da shi har gobe shi ne Jim Crow, sunan wancan wasan dariya, kuma sai a 1964 da 1965 aka rushe su. To, wace doka ce ta biyo bayan White Chicks? Wace baturiya aka hana haya ko aiki saboda shi? Mai neman a daidaita waɗannan abubuwa biyu so yake a shafe tarihi, a kuma mayar masa da 'yancin yin dariyar da kakanninsa suka yi.

Ainihin rashin adalcin yana gaba. A ranar 25 ga Mayu, 2020, ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, a Minneapolis har ya mutu. Cikin makonni kaɗan BBC ta sauke shirin Little Britain daga dandalinta, aka cire wasu sassa na shirin 30 Rock saboda shafa baƙi a fuska, kamfanoni suka yi ta fitar da takardun neman gafara. Shekara ba ta zagayo ba, a watan Maris na 2021, Amazon ya saki Coming 2 America na Eddie Murphy. Afirkar da ke ciki ita ce dai ta fim ɗin farko na 1988: ƙasar Zamunda wadda giwaye da zakuna ke yawo a bayan fadarta, sai maƙwabciyarta da wani janar mahaukaci ke mulki yana horar da yara ƙanana aikin soja. A jihar Jojiya ta Amurka aka ɗauki fim ɗin. Nahiya mai ƙasashe 54, mai Legas da Nairobi da Alƙahira, an sake naɗe ta a cikin fatar zaki, kuma masu takardun neman gafara ba su ga abin janyewa ba. Da jarumi Bature ne ya fito da wannan hoto da an yi masa ca. Tun da Eddie Murphy baƙar fatar Amurka ne, sai aka ɗauka yana da lasisin yi mana. Wa ya ba shi? Launin fata ɗaya ba ya sa mutumin Brooklyn ya zama wakilin mutumin Birnin Kudu.

Shi dai wannan Eddie Murphy, a fim ɗin Norbit na 2007, an liƙa masa fuskar roba ya fito a matsayin tsohon Basine mai suna Mista Wong, da karyayyen Turanci. Yau kowa a Hollywood yana tir da yadda Mickey Rooney ya sa haƙoran ƙarya ya kwaikwayi mutumin Japan a wani fim na 1961. Amma kwalliyar Norbit har cikin jerin masu takarar kyautar Oscar ta shiga.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Borat na 2006. Sacha Baron Cohen, ɗan Ingila, ya ɗauki sunan ƙasa ta gaskiya, Kazakistan, mai rinjayen Musulmi, ya mayar da mutanenta jahilai masu ƙazanta, masu ƙin Yahudawa, masu alfahari da karuwancin ƙannensu. Harshen da yake yi da sunan nasu ma ba nasu ba ne, Ibrananci ne da ɗan gaurayen yaren Polan. Ƙauyen da ya nuna a matsayin garinsu sunansa Glod, a Romaniya yake, mazaunansa talakawa ne futuk. Bayan fim ɗin ya fito suka ce ba a gaya musu abin da za a yi da fuskokinsu ba, suka kai ƙara a Amurka, ba su samu komai ba. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 260, jaruminsa ya karɓi kyautar Golden Globe. Masu kare shi suka ce ai Amurkawa yake yi wa shaguɓe, yana tona wariyar da ke zukatansu. To, da mutuncin wa aka biya kuɗin wannan darasi?

Ga amsar. A watan Maris na 2012 aka yi gasar harbi a Kuwait, wata 'yar Kazakistan, Maria Dmitrienko, ta ci zinare. Ta hau mumbari, lambarta a wuya, hannunta a ƙirji, tana jiran taken ƙasarta. Abin da ya fito daga lasifika shi ne waƙar izgilin da aka tsara wa fim ɗin Borat, wadda masu shirya gasar suka sauko da ita daga intanet suna zaton ita ce ta gaskiya. Ta tsaya cak har aka gama. Shekara shida bayan an gama dariya a silima, ƙaryar ta danne gaskiya, ta bi mace har ranar nasararta.

Balarabe kuwa tuni aka mayar da shi kayan wasa. Jack Shaheen ya bi fina-finan Hollywood sama da 900 a littafinsa na 2001, ya nuna yadda hoton yake maimaita kansa: attajiri mai kwaɗayin mata, ko mai bam, ko sakarai a kan raƙumi. A 2012 Cohen ya dawo da The Dictator, da dogon gemu da ƙagaggen Larabci. Ƙa'idar a fili take. A Hollywood ana kare wanda zai iya ƙaurace wa silima a Amurka, ya jawo wa kamfani asara, ya kira 'yan jarida. Wanda yake nesa, ko ba shi da ƙungiya mai ƙarfi a can, halal ne a yi dariyarsa. Tsoron asara ke jan wannan tuba tasu, mutuncin ɗan Adam a baya yake biyowa.

Yanzu mu dawo gida, domin laifi tudu ne. Babu Bahaushen da bai san Aboki na fina-finan kudu ba: maigadi da 'yar rediyo a kunne, goro a baki, yana gyangyaɗi a bakin ƙofa, ba ya gane saƙo sai an maimaita sau uku, Turancinsa abin dariya. An yi shekaru ana nuna shi har yaron da ya tashi a Legas ko Fatakwal ya ɗauka iyakar ɗan Arewa ke nan. Muna da gaskiya da muke fushi. Hoton da aka daɗe ana cusa wa mutane yana rage wa mutum nauyi a idonsu, kuma ranar fitina wanda ba shi da nauyi shi ake fara taɓawa. Ban ce fim ne ya kashe mafarauta 16 'yan Arewa da aka tare a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba. Amma taron da ya iya yi wa matafiya haka ya riga ya daina ganinsu a matsayin mutane irinsa, kuma wannan makanta koyar da ita ake yi a hankali.

To mu fa, me muke nunawa a namu? Ku kunna barkwancin Kannywood, ko gajerun bidiyon da matasa ke zubawa a TikTok da YouTube. Bagwari ya shigo da kaya a kafaɗa, Hausarsa a karye, kowa na wasa da hankalinsa. Bafulatani ya shigo birni da sanda da malfa, mota ta firgita shi, ɗan tasha ya damfare shi, 'yan kallo su kwashe da dariya. Ɗan Ibo ba ya fitowa sai da jabun kaya da son kuɗi, Bayarabe sai da hayaniya da tsoro, Buzu sai a bakin ƙofa da butar shayi. Wannan ba shi ne Aboki ba, an dai sauya masa riga? Gwarawan da muke mayarwa wawaye su ne aka gina Abuja a ƙasar kakanninsu, aka tashi da yawansu daga gonakinsu. Hoton 'yarsu, Ladi Kwali maginiyar tukwane, yana kan takardar naira ashirin da ke aljihunmu. Fulani kuwa suna cikin wani zamani da laifin 'yan bindiga ya sa ake yi wa makiyayi mai gaskiya kallon ɓarawo a kasuwa da tasha. A irin wannan lokaci, mai shirya fim ya sake nuna shi a matsayin baƙon da bai san komai ba sai daji, ya ce wasa yake yi?

Na san amsar da za a ba ni: ai taubasantaka ce, gadonmu ne. Gaskiya ne muna da wannan al'ada mai daraja, tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa. UNESCO ma ta sanya ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma al'adar tana da sharaɗi. Ido da ido ake yin ta, wanda ka tsokana yana tsaye a gabanka, zai rama nan take, ku rabu kuna dariya, kuma ranar da ya shiga uku kai ne farkon mai kai masa ɗauki. A fim wa ke ramawa? Bahaushe ya rubuta labari, Bahaushe ya sa kayan Bagwari, Bahaushe ya tace, miliyoyin Hausawa suka kalla. Bagwarin gaskiya ba shi da kyamara, ba shi da kasuwar da za ta kai martaninsa ko'ina. Sai ɗansa ya je makaranta a Kaduna ko Minna ya tarar an riga an raɗa masa suna. Wasan da gefe ɗaya kaɗai ke jifa cin zali ne.

Ba ina kiran a kashe barkwanci ba ne. Dariya magani ce, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro ya nuna cewa za a iya sa mutane su riƙe ciki da halin maƙaryaci, da marowaci, da ɗan siyasa mai alkawarin banza, halayen da babu ƙabilar da ta mallake su. Abin da nake nema shi ne mudu ɗaya ga kowa, daga Los Angeles har Kano. Kafin a saki fim a yi tambaya uku. Halin mutum ake yi wa dariya, ko jininsa da harshensa? Wanda ake kwaikwaya yana da hanyar ramawa? Me zai tarar a tasha da makaranta da wurin neman aiki bayan an gama kallo? Idan amsoshin suka nuna asali ake tozartawa, ba ruwana da launin fatar mai wasan ko addininsa, laifi ne.

A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda rungumar da ta yi a bidiyon waƙa, ƙasa ta ɗauka, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Al'ummar da za ta iya tashi tsaye a kan wannan za ta iya tashi a kan cin mutuncin ƙabila, tun da addinin da muke kafa hujja da shi, a cikin Suratul Hujurat, ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Ina kira ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da MOPPAN, da marubuta da daraktoci, su ɗora wannan a sikeli ɗaya da tufafi da rawa. Kai kuma mai kallo, ƙarfin yana hannunka, domin dariyarka da datarka ake nema. Duk bidiyon da ya mayar da Bagwari ko Bafulatani ko ɗan Ibo abin wasa saboda asalinsa, kada ka tura shi gaba. Sai mun daina yi wa wasu sannan bakinmu zai yi nauyi idan muka ce a daina yi mana.