Martani ga Masu Kare Hutun Azumi na Mako Biyar

Da gwamnatin Bauchi ta rufe makarantu daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilun 2025, kamar yadda Kano da Katsina da Kebbi suka yi, masu kare matakin sun rubuta cewa tausayin yara ne, kuma duk mai suka yana bin sahun ƙungiyar Kiristoci ta CAN ne kawai. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Yawancin 'yan firamare azumi bai wajaba a kansu ba, kuma hutun bai kai su inuwa ba. A Ƙofar Ran da ke garin Bauchi, yarinyar da aka sallama daga aji ita ce ke ɗauke da farantin ƙosai ko kular ƙanƙara da la'asar sakaliya, tana ratsa tsakanin babura har a sha ruwa. Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare kuwa ya rasa makonnin bita, alhali jarrabawar WAEC ta fara a ƙarshen Afrilu, kuma ba ta jira kowa ba.

Za a ce zafin Maris a Bauchi ba wasa ba ne, kuma malami mai azumi yana galabaita. Gaskiya ne. Amma Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna rage sa'o'in karatu ne a watan Ramadan, makarantu na buɗe. Jihar da ke cikin na gaba wajen yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ta fi kowa buƙatar wannan tsari: a shiga aji da sassafe, a tashi kafin azahar.